Kwalabe Shida, Babu Rasit

Eleuterio ya dire kwalin a kan dakalin da ke gaban tagar shagon. Kwalaben da ke ciki suka yi ƙaras-ƙaras, ya yi maza ya dafe su da tafin hannu kamar mai rufe bakin yaro a coci. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata ne na safiyar Asabar, titin cike da mata masu dawowa daga kasuwa, kuma a wannan yanki na garin Neza babu macen da ba ta san matarsa ba.

"Doña Herminia," ya kira da ƙaramar murya, "barka da hantsi."

Mai shagon tana zaune bayan ragar ƙarfen da ta raba ta da masu saye, tana cin tamal, wato alalar masara, da cokali, rediyo na yi mata surutu. Shekara talatin ke nan tana sayar da giya ta wannan 'yar taga. Ba ta taɓa kurɓar ko ɗigo ba, kuma ba ta taɓa jin tausayin wanda ya kurɓa ba. Ta ɗago kai ta ƙare masa kallo daga hula zuwa takalmi.

"A'a! Yau wace rana? Maestro Teyo da kansa? Ai na ɗauka ka bar gari, ko kuwa ka riga mu gidan gaskiya ba a sanar da ni ba."

"Ina nan, Doña. Aiki ne ya yi yawa."

"Aiki. To madalla. Ni kuwa shekara guda ke nan nawa aikin ya ragu. Me za a ba ka? Irin ta da?"

"Ba saye na zo yi ba." Ya ɗan buɗe bakin kwalin. "Musaya nake so. Kwalabe shida ne, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ki karɓa ki ba ni lemon kwalba. Gobe jikata za ta cika shekara biyar, yara za su sha."

Doña Herminia ta leƙo ta raga. Ta dubi kwalin, ta dubi Eleuterio, ta sake duban kwalin, ta ce, "Hm." Sai ta ɗaga cokalinta ta nuna wani kwali da aka manna a bango, wanda rana ta cinye rubutunsa amma kowa a unguwar ya haddace: ba a musaya sai da rasit.

Eleuterio, wanda unguwa ke kira Maestro Teyo, magini ne, shekararsa hamsin da huɗu, kuma rabin gidajen layin nan hannunsa ne ya ɗora bulonsu. Katangarsa ba ta taɓa karkacewa ba, shi ne dai yakan karkace. Bara war haka ya farka a kan tarin yashi a wurin aiki da takalmi ƙafa ɗaya, ya rarrafa gida ya tarar matarsa Remedios ta kwashe kayanta ta tafi Puebla wurin yayarta. Ya yi kwana uku yana kuka da murhun da ba a hura ba. A rana ta huɗu ya yi abin da mazan wurin suke yi idan tura ta kai bango: ya je coci, ya durƙusa gaban hoton Budurwa Maryamu ta Guadalupe, ya rantse ba zai sha giya ba har shekara guda. Fada, limamin cocin, ya ba shi kati, hoton Budurwar a gaba, a baya kuma sunansa da rana da sa'a.

Wanda bai yi zama da magina ba ba zai san darajar wannan kati ba. A cikinsu, in aka miƙo maka kofi ka ce a'a, ka zagi mai miƙowa ke nan. Za a tambaye ka ko ka fi su ne, ko kuwa matarka ce ke sa wando a gida. Amma da ka zaro katin, magana ta ƙare. Wani har hula yake cirewa, a miƙo maka lemo da ladabi, don babu mai son ya shiga tsakanin mutum da Budurwa. Eleuterio bai taɓa cewa a'a da bakinsa ba a duk shekarar nan. Katin ne yake faɗa masa.

Remedios ta dawo bayan wata huɗu. Ba ta yi faɗa ba, ba ta tuna baya ba. Ta ajiye jakarta ta ce, "Ran da na ji warin abin nan a bakinka, ko na ga kwalbarsa a gidan nan, ba za ka ji muryata ba. Ƙarar ƙofa kawai za ka ji." Har yau jakar tana kan durowa, ba ta mayar da ita ƙarƙashin gado ba.

Rantsuwar kuwa yau za ta ƙare, ƙarfe sha biyu daidai, sa'ar da ya yi ta. Ofishin fada ma sha biyu ake rufewa, kuma ba za a sake ba da kati ba sai Talata, don Lahadi ta addu'a ce, Litinin ta hutun fada. Da ya so da ya je tun Alhamis ya sabunta. Ya gaya wa kansa ba kyau a ɗora rantsuwa a kan rantsuwa. Wannan fatawa dai shi ya ba kansa, kuma ko shi bai cika yarda da malamin ba.

To, da sassafe, Remedios na fita zuwa rumfarta ta sayar da abinci a kasuwa, sai ga Nabor a ƙofa. Nabor kompadrensa ne, wato aminin da ya riƙe 'yarsa Yesenia ranar baftisma, kuma shekara ashirin suna raba kwalba ɗaya. Ya rungume shi, ya bubbuga bayansa, ya dire kwalin nan a tsakar ɗaki ya ce, "Kompadre, yau ka fito daga kurkuku! Ga taka." Ko zama bai yi ba ya juya. Eleuterio ya tsaya yana kallon kwalaben giya shida: tekila uku, ron biyu da barandi ɗaya. Ƙarfe ɗaya Remedios take dawowa.

"Doña, kyauta aka ba ni," ya ce yanzu. "Wa yake ba da kyauta haɗe da rasit?"

"Mai hankali."

"Amma daga nan suka fito. Duba, ga 'yar takardar farashinki a jiki, da rubutun hannunki. Wannan bakwai ɗin mai ƙugiya ai babu mai yin irinta sai ke."

Ta sa tabarau, ta miƙo hannu ta 'yar tagar, ya ɗora mata kwalba ɗaya. Ta juya ta, ta ɗaga ta sama wajen haske, ta murza murfin da babban yatsa.

"Rubutuna ne. Farashin kuwa na shekara biyu da suka wuce ne. Ka san inda kwalbar nan ta kwana a shekara biyu? Ni ban sani ba. Akwai masu fasahar da za su zuƙe ta da allura, su ɗura mata abin goge fenti, su mayar da murfi kamar daga kamfani. In na sayar wani ya makance, wa za a rufe wa shago? Kai?"

"Haba Doña, kin san ni."

"Ai saboda na san ka ne."

Ya haɗiye wannan. Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da walat, ya zaro katin da ya yi laushi don yawan fita da shiga, ya tura mata ta ƙarƙashin raga. Shi kansa bai san me yake fata ba. A shekarar nan dai duk ƙofar da ya nuna wa katin ta buɗe.

Doña Herminia ta sumbaci yatsanta ta taɓa hoton, don ita ma ba ta wasa da Budurwa, sannan ta juya bayan ta karanta a tsanake.

"Takarda mai kyau. Amma wannan tsakaninka ne da Uwarmu. Ni tawa nake nema, 'yar fara, mai sunan shagona a sama." Ta dubi agogon bango. "Kuma saura maka awa ɗaya da minti biyar. Ni da na ɗauka shagali ka zo shiryawa."

Daidai nan wata maƙwabciyarsu ta ɓullo da kwandon kasuwa. Eleuterio ya cire rigar sama ya yafa wa kwalin, ya jingina da gwiwar hannu a kai kamar mai hutawa.

"Maestro, ina kwana? Yau kuma a nan?"

"Ƙanƙara! Ƙanƙara na zo tambaya, ta bikin jikata."

"Allah ya raya ta," in ji matar, idonta a kan rigar da ke da kusurwa huɗu. Ta wuce a hankali fiye da yadda ta zo.

Gumi ya keto masa. Ya matso da bakinsa jikin raga.

"To bar maganar lemo. Ki ba ni gyaɗa. Ki ba ni ƙanƙarar ma. Ko ki bar komai, ki riƙe su kyauta, na ba ki duniya da lahira."

"Kyautar giya daga hannun mashayi?" Ta yi dariya har ta ajiye cokali. "Maestro, na taɓa karɓa sau ɗaya, ina yarinya. Da yamma mutumin ya dawo yana dukan ragar nan da dutse yana gaya wa unguwa na cinye masa dukiya. Na tuba tun ranar."

"To ajiya. Zuwa Talata kawai."

"Nan shago ne, ba tashar mota ba. Ka kira wanda ya saya ya kawo rasit, in ba ka lemonka har da buɗewa."

Abin da ba zai yiwu ba ke nan. Mutum ya mayar da kyautar kompadrensa shago, sannan ya kira shi ya kawo shaida? Gara ya mare shi a bainar jama'a, ya fi sauƙin yafewa.

Ba wai bai yi tunanin wasu hanyoyin ba. Tun yana tahowa ya tsaya a bakin wata kwata yana kallon ruwan da ke gudu. Amma kafin ka zubar sai ka buɗe, in ka buɗe kuma sai ƙamshi ya taso, shi kuwa ya san hancinsa, tsohon maci amana ne. Ya yi tunanin ajiye kwalin a gefen titi ya wuce, sai dai mutum goma sun gan shi ɗauke da shi, kuma a unguwar nan ko ɗan kunne ka yar sai an biyo ka da shi gida, ba don gaskiya ba, don a ga fuskar matarka. Coci kuma ba a shiga da irin wannan kaya, balle ranar Asabar da matan ƙungiyar addu'a suke share farfajiya, ƙanwar Remedios ce shugabarsu.

Yana cikin wannan lissafi ya ji murya a bayansa.

"Doña, ruwan kwalba mai gas guda... Kompadre?"

Nabor ne. Gajere, mai tumbi, gashin bakinsa kamar burushin shara. Ya dubi Eleuterio, ya dubi rigar, ya ɗaga gefenta da yatsa biyu. Na ɗan lokaci fuskarsa ta yi wani iri, kamar wanda ya hango karen da ya kai daji ya yar yana jiransa a ƙofar gida. Sai kuma ya dafe ƙirji ya ja da baya.

"A'a. A'a! Idona ne ko mafarki? Kyautata? A tagar shago?"

"Kompadre, tsaya ka ji..."

"Me zan ji? Ni da na tashi tun asuba na saɓo wannan kaya a kafaɗa, da ciwon bayana, don in taya ɗan'uwana murna! Shekara guda ina ƙirga maka kwanaki kamar mai jiran haihuwa. Ashe ni nake haukata. In tekilata ba ta kai matsayinka ba ai sai ka gaya mini a fuska. Ko madam ce ta aiko ka?"

"Kada ka sa Remedios a ciki."

"Ni na riƙe Yesenia a gaban fada! Ta yi mini fitsari a sabuwar riga ban ce uffan ba! Yau ni za a..."

"Nabor," in ji Doña Herminia, "rage murya, kana kore mini masu saye."

"Doña, ke shaida ce..."

"Ƙwarai ni shaida ce. Shi ya sa na ce ka rage." Ta goge bakinta da takarda, ta ninke ta sau biyu. Ta yi haƙuri iyakar iyawarta, kuma iyawarta ba ta da yawa. "Sati uku da suka wuce, ranar Laraba, wa ya tsaya a nan inda Maestro yake tsaye, da wannan kwalin na man girki mai yagaggen kunne, yana roƙona in karɓa in ba shi ko da ashana ce? Wa ya ce mini in rufa masa asiri? Na rufa, sati uku. Ban san za ka ɗora wa wani ba."

Titin bai yi shiru ba, motoci na ta wucewa, mai gas yana ta buga tukwanensa. Amma a gaban tagar nan babu wanda ya yi motsi. Eleuterio ya juyo a hankali.

"Kompadre?"

Nabor ya dubi takalminsa. Ya sosa ƙeya. Daga bisani ya sa hannu cikin hularsa, ya zaro wani kati sabo fil, ko lanƙwasa bai yi ba, ya riƙe shi a gaban ƙirji kamar ɗan makarantar da aka kama.

"Rantsuwar shekara biyu ce," ya ce. "Jini na yi amai, kompadre. Likita ya nuna mini hoton hantata, ya ce in na ƙara, in fara zaɓen wanda zai ɗauki akwatin gawata. Ban gaya wa kowa a wurin aiki ba. Kullum sai in ce maganin ciki nake sha."

"Su kuma waɗannan?"

"Na ɓoye ne. Biyu a bayan tankin ruwa, ɗaya cikin buhun siminti, sauran a rufin bayi. Ka san yadda ake yi."

Ya sani. Shi ma ya taɓa samun tasa a cikin takalmin ruwa.

"Bakwai ne da," in ji Nabor. "Ran da na dawo daga asibiti na ce bari in zubar da su. Na buɗe ɗaya a bakin kwata. Wallahi kompadre ban san yadda aka yi ba, kwatar dai ba ta samu ko ɗigo ba. Washegari na je na rantse. Tun ranar suke ƙarƙashin gadona. Ina kwance ina jin su. Ba na barci."

"Shi ne ka kawo mini."

"To wa zan kai wa? Na ga kai ka huta shekara guda, hantarka ta koma sabuwa..."

"Ka san abin da Remedios ta ce. A gabanka na maimaita, a kan bene na uku, kana cin gurasar tortilla, har ka ce mace ce mai magana ɗaya."

"Na sani."

"Ka sani, ka ƙirga kwanaki, ka rungume ni."

Abin ya yi wa Eleuterio ciwo ƙwarai, ciwon da bai yi tsammani ba. Da maƙiyi ne ya yi masa haka da ya ji daɗin fushi. Amma wannan Nabor ne, wanda ya taɓa goya shi daga mashaya har gida cikin ruwan sama, ga shi tsaye idonsa ya yi rawaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai yanzu ya lura mutumin ya rame.

"Sha biyu saura ashirin," in ji Doña Herminia, ba wanda ya tambaye ta.

Daga nan zuwa coci tafiyar minti goma sha biyar ce ga mai sauri. Eleuterio ya janye rigarsa daga kan kwalin ya saka.

"Ɗauki kayanka."

Nabor ya ɗaga hannu biyu sama ya ja baya. "Na rantse, kompadre. Ko taɓawa ba na yi."

"Da safe da ƙafa ka ɗauko su?"

"Wancan fitarwa ce. Wannan shigarwa ce. Ba ɗaya ba ne."

"To na bar su nan. Wanda ya ga dama ya ɗauka."

"Ba a ƙofata ba," in ji Doña Herminia. "Masu duba shaguna su zo su tarar da giya marar takarda a dakalina? Kana juya baya zan tare mai keken kaya in ce ya kai gidan Maestro Teyo, ya damƙa wa matar gida hannu da hannu. Ni ba na riƙe kayan mutane."

"Doña, ba ki da imani."

"Ina da shi. Rasit ne kai ba ka da shi."

Eleuterio ya juya ga Nabor. Ya sassauta murya, don yanzu roƙo ne.

"Na ji. Ba sai ka taɓa ba. Ka tsaya kawai a nan ka yi gadinsu. In ruga in karɓo kati in dawo, rabin awa. In na dawo da katina a aljihu, ni da kaina zan zubar da su ɗaya bayan ɗaya, ko hancina bai isa ya ce komai ba."

Wannan shawara ce mai kyau, har Doña Herminia ta gyaɗa kai. Nabor ya dubi kwalin.

"Kada ka bar ni da su ni kaɗai," ya ce.

"Ga katinka a hannu!"

"Sati uku ne kawai, kompadre. Bai kama jikina ba tukuna. Kai ka tuna naka sati na uku."

Ya tuna. A satinsa na uku ya taɓa tsayawa a gaban tagar nan har minti arba'in yana karanta sunayen kwalabe, sannan ya sayi cingam ya tafi. Manya biyu, masu jikoki, suka tsaya a rana suna gadin kwali ɗaya, kowa yana tsoron a bar shi da shi. Suka yi ta jan magana, wannan ya ce a kai wa masu kwasar shara, wancan ya ce sai Litinin suke zuwa. Wannan ya ce a fasa su da dutse, wancan ya ce ƙamshin zai cika layi har kwana biyu. Agogo kuwa bai tsaya sauraron su ba.

Doña Herminia ta turo wa Nabor ruwansa ta taga.

"Ku mazan unguwar nan kuna ba ni mamaki. Rabinku na rantsuwa, rabi na jiran tasu ta ƙare. Ni da kalandar coci nake yin odar kaya. Wannan watan ma uku ne za su fito: Maestro yau, mai gyaran taya ran ashirin, Fulgencio mai fenti kuma gobe bayan addu'ar safe. Wata shida ya yi, bawan Allah, har ya yi ƙiba."

Ta faɗa ne kawai, irin hirar mai shago. Amma Nabor ya tsaya da kwalbar ruwa a bakinsa. Ya sauke ta a hankali.

"Gobe?" ya ce. Ya dubi Eleuterio ta gefen ido. "Kompadre... Fulgencio mutumin kirki ne. Ya taya mu aiki a gidan likitan nan, ba mu taɓa yi masa wata alheri ba."

"Nabor!"

"Cewa kawai na yi..."

"Ka ji tsoron Allah! Yaro ne, bai kai arba'in ba. 'Ya'yansa uku, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Ka manta yadda matarsa take zuwa wurin aiki ranar biya tana tsayawa a bakin ƙofa don ta riga mashaya? Abin da ka yi mini bai ishe ka ba? Wane irin mutum ne zai ɗauki wutar da ta ƙone shi ya kai ɗakin maƙwabci, har ya ce kyauta ce? Tir!"

Ya faɗe ta da ƙarfi, kuma har zuciyarsa. Nabor ya sunkuyar da kai. Doña Herminia ma ta ɗan ɗaga gira, alamar Maestro ya burge ta.

Sai ƙararrawar coci ta fara bugawa.

Daga nesa take zuwa, ta saman rufin gidaje da tankunan ruwa. Eleuterio ya ƙirga ba da son ransa ba. A bugu na sha biyu babu abin da ya canja a titin. Mai gas yana nan yana buga tukwanensa. Amma shi ya ji kamar an zare masa riga a tsakiyar kasuwa. Katin yana aljihunsa, ya zama hoto kawai. Daga nan zuwa Talata kwana uku ne, da yammacin Asabar a ciki, da bikin jika, da surukai masu zuwa da nasu kofuna.

"Shi ke nan," in ji Nabor a hankali, kuma da alama ta'aziyya yake nufi. "Kai yanzu babu komai a kanka."

Yawu ya taru a bakin Eleuterio. Ya haɗiye, ya sake taruwa. Rana ta faɗo cikin kwalin, ruwan barandin ya yi ja kamar zuma, kuma ya san ɗanɗanonsa tun daga harshe har inda yake sauka ya bazu a ƙirji. Ya tuna jakar da ke kan durowa. Ya tuna ta sosai, da zip ɗinta da ya lalace. Da ya duba ƙasa sai ya ga hannunsa na dama a cikin kwalin, babban yatsansa a kan murfi yana shafa shi. Bai san lokacin da ya kai shi wurin ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan bene na shida.

Ya zare hannun ya cusa a aljihu. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Doña Herminia ta rage muryar rediyo.

"Gidan Fulgencio," in ji Eleuterio, bai dubi kowa ba, "mai koren ƙofa ne, ko na gaba da shi?"

Nabor ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Na gaba da shi. Za ka ga keken yara a ƙofar."

Eleuterio ya rufe bakin kwalin, ya saɓa shi a kafaɗa. Ya kama hanya da sauri, don saura ƙasa da awa ɗaya Remedios ta tashi daga kasuwa.